Yadda Ake Naɗar Labarin Barkwanci da Murya

Kafin ka naɗi labarin barkwanci domin 'yan uwa na Garwa ko Marwa a Kamaru, fara sauraron yadda masu karatun LibriVox, shafin intanet na littattafan sauraro na kyauta wanda aka kafa a 2005, suke karanta ayyukan Mark Twain, marubucin Amurka da ya rasu a 1910. A ganinsa, mai ba da labarin ban dariya ba ya dariya, kuma ɗan shirun da yake yi gab da ƙarshe shi ne gishirin labarin. Duk wanda ya ji kaka tana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi zai shaida haka. Ka naɗa da dare bayan ƙarar babura ta lafa, ka bambanta muryar kowane mai magana a cikin labarin, sannan ka saurara kafin ka tura.