Yadda ake rubuta takardar jagora da sabon shiga zai iya bi shi kaɗai

A rukunin masu rubuta manhaja a nan Maradi, na sha ganin yaro ya zo da zafinsa, mako biyu ya ɓace. An miƙa masa aiki ne ba a nuna masa ƙofar shiga ba. Abin yana damuna, domin gyaransa a hannunmu yake.

Da farko ka san wanda kake rubuta wa. Ƙannenmu da yawa, ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ne ko 'yan sakandare, da Faransanci suka yi karatu, alhali saƙon kuskure na Python (harshen rubuta manhaja) da na Git (manhajar da ke adana tarihin canje-canjen aiki) da Turanci yake fitowa. Wasu ko kwamfuta ba su da ita, a wayar Android suke gwaji da Termux, manhajar buga umarni a waya. Don haka ka yi bayani da Hausa ko Faransanci, amma umarnin da za a buga ka bar shi yadda yake, harafi da harafi.

Sai fayil ɗin README, takardar bayanin da ake fara karantawa, wanda shi ne zauren aikin. Ka faɗi abin da manhajar ke yi a layi biyu. Ka jera abin da za a girka tare da lambar sigarsa, kuma ka faɗi nauyinsa, domin mai sayen data da kuɗin abincinsa yana so ya sani kafin ya danna. Batun siga ba wasa ba ne: an daina kula da Python 2 tun 1 ga Janairu 2020, amma tsofaffin darussansa na nan suna yawo a WhatsApp. Yaro zai kwafi umarnin print babu baka biyu, Python 3 ya ƙi, ya ɗauka shi ne bai da kai. Mai Windows kuma ka tuna masa ya danna akwatin PATH lokacin girka Python, don kwamfutar ta gane umarninsa. Bayan kowane umarni, ka rubuta abin da zai gani a allo idan an dace.

Mataki na uku shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma a ganina ya fi sauran. Ka kira wanda bai taɓa ganin aikin ba, ka ba shi takardar, ka zauna gefensa ka kama bakinka. Hannunka zai yi ta ƙaiƙayi ka karɓi madannai, ka daure. Duk inda ya tsaya yana sosa ƙeya, ka sa alama, nan ne ka tsallake abin da kai ka saba da shi har ka manta koyonsa ka yi. Daga nan ka bi rubutun ka goge “kawai” da “abu ne mai sauƙi”. Wanda ya kwana a kan abu, aka ce masa mai sauƙi ne, kunya za ta hana shi tambaya.

Idan kuwa ya yi tambayar, ka amsa kamar baƙo ne ya yi sallama a gidanku. “Sannu da zuwa, ƙanena, turo mana hoton abin da ya fito maka.” Kada ka ce ya je Google. In ƙanwa ce, a kula sosai kada a bar ta ana ta barkwanci a kanta. Tambayar da aka yi sau biyu, amsarta ta shiga takardar a ranar.

Daga ƙarshe ka ajiye masa ƙaramin aiki. A GitHub, shafin da ake ajiye ayyukan manhaja, ana liƙa wa irinsa alamar good first issue, wato aikin da ya dace da sabon shiga. Wuraren da ya tsaya ɗazu ma sun isa: ya gyara su da kansa, ya turo, ka duba cikin kwana ɗaya ko biyu ka karɓa, sunansa ya shiga tarihin aikin.