Kurakuran da Ake Yawan Yi Wajen Auna Basirar Dabbobi

Kuskuren da ya fi kowane daɗewa shi ne a ga dabba ta ba da amsa daidai, sai a yanke cewa ta fahimci tambayar. A farkon ƙarni na 20 an yi wani doki a birnin Berlin na Jamus mai suna Hans, mallakin wani malamin lissafi, Wilhelm von Osten. Idan aka ce masa uku a tara da huɗu, sai ya yi ta buga kofato a ƙasa har sau bakwai ya tsaya. A 1904 wani kwamiti ya bincika, bai ga maguɗi ba. Masanin halayyar ɗan Adam Oskar Pfungst ne ya warware lamarin, ya wallafa sakamakonsa a 1907. Da ya sa wanda bai san amsar ba ya yi tambayar, ko aka kare wa dokin ido daga ganin mai tambaya, sai Hans ya rikice. Ashe jikin mutum yake karantawa. Da bugun ya kai adadin da ake jira, mai tambayar kan ɗan ɗaga kai ba da saninsa ba, dokin kuma sai ya daina.

Gyaran ba shi da wuya. Duk wanda ya ce akunsa ko karensa ya iya ƙirga, a fitar da wanda ya san amsar daga inda dabbar ke ganinsa, sannan a sake gwadawa. Ni dai ban raina Hans ba. Dokin da ya hango motsin da taron 'yan kallo suka kasa gani ai ba dolo ba ne, lissafin ne kawai babu.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne ɗora wa dabba tunaninmu. Mai kare ya dawo gida ya tarar an yi ɓarna, karen ya sunkuyar da kai ya matse bindi, sai ya ce, “Ka gani, ya san laifinsa.” A 2009 Alexandra Horowitz ta gwada wannan a New York. An hana karnuka cin wani abinci, masu su suka fita, da suka dawo aka gaya wa wasunsu cewa karen ya ci alhali bai taɓa ba. Sunkuyar da kan ta bi tsawar mai kare ne, ko karen ya ci ko bai ci ba, har ma waɗanda ba su ci ba sun fi nuna ta. Saboda haka horon da ya zo bayan awa biyu da ɓarna tsoronka kawai yake koya wa dabba. A hana ta lokacin da take cikin yi, ko a kawar da abin daga inda za ta kai.

A ɗaya gefen kuma akwai raini, kuma jaki ya fi kowa shan sa. Idan ya turje a bakin kwalbati sai a ce daƙiƙi ne, a sauke masa sanda. Alhali yadda yake fuskantar haɗari ne ya bambanta da na doki. Doki kan zabura ya sheƙa, jaki kuwa yakan tsaya cik ya ƙare wa abin kallo kafin ya ɗaga ƙafa. Ga shi da ɓoye ciwo, don haka turjiyar takan zama ita ce alamar farko da mai shi zai gani. Kafin a ɗaga sanda a duba inda kunnuwansa suka nufa: ruwa ne mai ƙyalli a kan hanya, ko ledar da iska ke kaɗawa? A ɗaga akumari a ga ko bayansa ya ƙuje, a auna ko mangala ta rinjaya gefe guda, a ɗaga kofato ko tsakuwa ta maƙale. Idan tsoro ne, a ba shi ɗan lokaci ya shinshina, ko a sa wani jakin ya wuce gaba.

Kura ma tatsuniya ta ɓata mata suna, kullum Gizo na yi mata wayo saboda kwaɗayi. Kay Holekamp ta Jami'ar Jihar Michigan ta fara bin kuraye masu dabbare-dabbare a dajin Masai Mara na Kenya a 1988. Suna zama cikin dangi mai kuraye da dama, mata ke shugabanci, ɗa kuma yakan gaji matsayi dab da na uwarsa, kowace ta san wa ke samanta, wa ke ƙasanta. Da masu binciken suka saki kukan baƙin kuraye ta lasifika, sun ga fargabar masu sauraro tana ƙaruwa gwargwadon yawan muryoyin, ɗaya ko biyu ko uku. Yawancin naman da suke ci ma farautarsa suke yi da kansu.

Tumaki da awaki? Binciken Keith Kendrick a Ingila a 2001 ya nuna tunkiya na iya tuna fuskokin tumaki 50 har tsawon shekara biyu. A 2014 awakin da aka koya wa buɗe akwatin abinci sun tuna dabarar bayan wata 10.

Sai kuma auna kowace dabba da mudu ɗaya. A 1970 Gordon Gallup ya sa wa birai nau'in cimfanzi jan fenti a saman ido, ya ba su madubi, suka kai hannu kan tabon a fuskarsu. Kare yana faɗuwa wannan jarrabawa, amma shi da hanci yake sanin duniya, madubi kuwa ba ya wari. Girman ƙwaƙwalwa ma ba ma'auni ba ne. Ta ƙudan zuma ba ta wuce ƙwayar riɗi ba, amma da rawa yake gaya wa 'yan'uwansa nisan fure da sashen da yake, binciken da ya sa Karl von Frisch ya samu lambar Nobel a 1973.

A kuma yi hattara da bajintar da aka gani sau ɗaya. A 2002 wata hankaka 'yar asalin tsibirin New Caledonia mai suna Betty ta lanƙwasa waya a Jami'ar Oxford ta zaƙulo abinci daga cikin bututu, aka yi ta yayatawa cewa ta ƙirƙiro dabara nan take. A 2016 masu bincike suka ba da rahoton cewa hankakin tsibirin da suka tashi a daji ma sukan lanƙwasa tsinken da suke zaƙulo tsutsa da shi. Don haka idan aka turo maka bidiyon dabba mai abin mamaki, ka tambaya sau nawa ta yi, wa ya horar da ita, kuma me 'yan'uwanta ke yi a daji.