Yadda Ake Ba Ƙaramin Injin Servo Wuta Daga Batir

Ƙaramin injin servo, wato injin da ke juya hannunsa zuwa kusurwar da aka umarce shi, irin SG90, wanda nauyinsa bai wuce giram 9 ba, yana aiki da wutar da ke tsakanin bolt 4.8 zuwa 6. Wayoyi uku ne ke fitowa daga jikinsa: ja ta fozitif, mai ruwan ƙasa ta nagetif, sai mai ruwan lemo wadda ke karɓar umarni daga allon Arduino, wato ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa shi. Abin da ke rikita masu koyo shi ne yanayin shan wutarsa. Idan yana tsaye kusan ba ya shan komai, amma da zarar ya fara juyawa, ko wani abu ya tokare masa hannu, sai ya zuƙi fiye da rabin amfiya a take. Wanda ya jona shi a ƙafar 5V ta Arduino yakan ga hannun yana karkarwa, allon kuma yana mutuwa yana tashi, domin wutar ta faɗi ƙasa da abin da zai riƙe shi. Saboda haka a ware wa servo layinsa daga batir, ta hanyar regileta, wato na'urar da ke sauke wutar batir ta tsayar da ita a kan bolt ɗin da ake so.

Mafi arha kuma mafi samuwa ita ce 7805 mai ƙafa uku. Idan rubutun jikinta yana fuskantarka, ƙafar hagu ce shigar wuta, ta tsakiya nagetif, ta dama kuma ke fitar da bolt 5. Sharaɗinta shi ne wutar da ke shiga ta kai aƙalla bolt 7, kuma duk rarar da ta rage zafi take zama. Lissafin ba shi da wuya. Idan batirin bolt 12 ne, servo kuma yana jan rabin amfiya, rarar bolt 7 ce, wato wat 3.5 na zafi ke nan a jikin abin da bai kai ɗan yatsa girma ba. Cikin ɗan lokaci za ta gagari taɓawa, sannan ta katse wutar da kanta. Ko an ɗaura mata farantin alminiyam, fiye da rabin ƙarfin batirin yana tafiya a banza.

Batir masu caji irin 18650 guda biyu da aka jera, fozitif na ɗaya a jikin nagetif na ɗayan, suna ba da bolt 8.4 idan sun cika, zafin kuma yana raguwa sosai, sai dai da sun sauko ƙasa da bolt 7 regiletar za ta kasa, alhali da sauran caji a cikinsu. Wannan ne ya sa na fi ba da shawarar a sayi ɗan allon LM2596, wanda yake sauke wuta ta hanyar kunnawa da kashewa cikin sauri, ba ya ɓarna kamar 7805, kuma yana ɗaukar amfiya 2 ba tare da wahala ba. Kafin a jona servo, lallai ne a ɗora mitar auna bolt a bakin fitar wutar allon, a riƙa murza ƙaramin sukurun da ke kansa har mitar ta nuna bolt 5. Sukurun yakan yi juyi da yawa kafin lambar ta motsa, don haka kada a yi gaggawar cewa allon ya lalace.

Batirin nan mai kusurwa huɗu na bolt 9 bai dace da wannan aiki ba ko kaɗan, domin ba ya iya ba da wuta mai yawa a lokaci guda. Batir AA huɗu masu caji irin NiMH kuwa bolt 4.8 suke bayarwa, ana iya jona su kai tsaye ba tare da regileta ba.

Ko wace hanya aka bi, a sa kafasita, wato ɗan ma'ajin wuta, mai 470µF zuwa 1000µF tsakanin jar waya da mai ruwan ƙasa, kusa da servo, domin ita ce ke cike giɓin wutar a lokacin da ya zabura. A lura da farin layin da ke gefenta, wannan ƙafar ce ta nagetif, idan aka juya ta kuwa tana iya kumbura ta fashe. Sannan a haɗa nagetif na regileta, ko na batir idan babu regileta, da ƙafar GND ta Arduino, wato nagetif ɗinsa, in ba haka ba servo ba zai fahimci umarnin da ake aika masa ba. A wajen gwaji, a riƙe hannun servo a hankali yayin da yake juyawa, ana duban mita. Idan wutar ta sauko ƙasa da bolt 4.5, to batirin ya yi rauni ko wayoyin sun yi siriri da yawa.