Kurakuran kayan wuta da waya da na gaji da gani a Aboabo

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, ko kokona ban shanye ba, wani matashi ya sauke firij daga bayan aboboya, babur mai ƙafa uku na dakon kaya, a ƙofar shagona. Sabo fil, ledar murfin ma ba a ɓare ba, daga cikin kayan ɗakin amaryarsa ne. Ya ce, "Masta, jiya da dare aka ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, tun daga lokacin sai ƙara yake yi, ƙyat, ya yi shiru, ƙyat, kuma ba sanyi." Na tambaye shi ko ya sa masa gad a bango. Ya ce, "Mene ne gad?"

Shekara 19 ke nan ina gyaran firij da fanka da talabijin a nan Aboabo cikin Kumasi, kuma wannan tambayar na ji ta har na daina ƙirgawa. Gad dai ɗan na'ura ne da ake sawa tsakanin soket da firij don ya kare shi daga wasan wuta. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, ko bakina ya huta.

Ban yi wa yaron dariya ba, don ni ma na sha wannan ɗacin. A azumin 2015 ne, lokacin da dumsor, wato yawan ɗauke wutar da aka yi fama da shi a Ghana, ya kai intaha, ana ba mu wuta awa 12 a ɗauke awa 24, wani lokacin ma jadawalin a takarda kawai yake. Uwargidana tana da firiza babba, da ita take sana'ar sobolo da lamurji da ƙanƙara, kuma kowa ya san watan azumi shi ne kakar mai wannan sana'a. Ta daɗe tana ce mini, "Malam, ka sa mini abin nan da kake sa wa mutane." Kullum in ce gobe. Gad ɗin yana cikin shagona a kan kanta, ni nake sayar da shi, amma hannuna bai kai ga ɗauko guda ɗaya in kai gida ba. Wani dare muna masallaci wajen tarawihi aka kawo wuta, aka ɗauke, aka sake kawowa, sau uku a jere. Ina shiga tsakar gida na ji ƙaurin, hancina ya san shi, ba sai an gaya mini ba. Kwamfaresa ta ƙone ƙurmus. Washegari jarkoki huɗu na sobolo suka yi tsami, muka zubar a kwata. Kuɗin da na kashe wajen sayen wata kwamfaresa da ɗura gas shi ne kuɗin ɗinkin sallar yara na shekarar. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ta ce mini uffan ba. Da ta yi faɗa da na fi samun sauƙi.

Ga abin da ke faruwa a ciki, don in ka gane shi ba za ka sake wasa da shi ba. Kwamfaresa famfo ce, tana matsa gas daga ɓangare guda zuwa ɗaya. Idan wuta ta ɗauke, ɓangaren da aka matsa yana nan cike da ƙarfi, sai ya ɗauki mintuna kafin ya saki. In wuta ta dawo kafin nan, motar da ke ciki za ta yi yunƙurin tashi alhali nauyi na danne da ita, kamar a ce mai kura ya tura kaya daga tsaye a kan hawa. Ta kasa juyawa, sai ta ja wuta ninkin abin da ta saba ja, wayoyin cikinta su ɗau zafi. Ƙyat ɗin nan da kake ji wani ɗan ƙarfe ne da ke gefenta yake katse wutar don ya cece ta. Yana ceto, amma ba kullum ba. Haka ma idan wuta ta zo rabi-rabi, ka ga fanka tana juyi kamar mai jin barci: wutarmu ta Ghana bolt 230 ce, in ta faɗi ƙasa sosai motar tana shan wahala iri ɗaya. Da can ƙwan fitila mai zare yana yin ja ya gargaɗe mu. Ƙwayayen yanzu farare suna haske tas ko da wutar ta raunana, saboda haka mutane ba sa ankara.

Aikin gad guda biyu ne: ya riƙe wuta na 'yan mintuna bayan ta dawo, ya kuma yanke ta in ta yi yawa ko ta yi kaɗan. Kuɗinsa ɗan ƙanƙani ne a kan kuɗin kwamfaresa. Abokan sana'a da yawa suna cewa in ka sa shi magana ta ƙare. Ni dai a gidana ban tsaya nan ba. Ana ɗauke wuta, duk wanda ya fi kusa zai kashe soket ɗin firij da na talabijin, mu bar ƙwai ɗaya a tsakar gida a matsayin mai gadi. In ya kama, sai a jira gwargwadon lokacin da mutum zai yi alwala ya yi raka'a biyu, sannan a kunna. Yarana suna ce mini tsohon yayi, ban damu ba.

Kada ka haɗa firij da wasu kaya a kan soket mai baki da yawa, ba shi nasa a bango. In kuma an kawo shi a kwance cikin mota, tsayar da shi ya yini kafin ka kunna, man da ya gangara cikin bututu ya koma mazauninsa. Masu neman firij ɗin hannu na Turai su tuna tun watan Janairun 2013 gwamnati ta hana shigo da tsofaffin firij, saboda yawan wutar da suke sha. Duba takardar nan rawaya mai taurari da ke manne a jikin sabo, yawan taurari shi ne ƙarancin cin wuta, kuma mitarka ce za ta ba ka labari a ƙarshen wata.

Sai kayan da 'yan'uwa ke aiko mana daga Amurka. Da wuya ka samu unguwa a zango da ba ta da wani a Bronx, kuma ganga ba ta isowa sai da injin aski ko na markaɗe a ciki. Wutar Amurka bolt 120 ce, kusan rabin tamu. Mutum ya ga filogin bai shiga ba, sai ya sayi ɗan adafta ya cusa, yana zaton ya warware matsala, alhali ƙafafun filogi kawai ya sauya. Hayaƙi ne zai biyo baya. Juya kayan ka karanta rubutun jikinsa: in ka ga 100 zuwa 240, kamar yawancin cajojin waya da na kwamfuta, bismillah. In 120 kaɗai ka gani, sai da taransifoma mai rage wuta. Wanzamai ma su sani, ko da taransifomar, wani injin askin zai riƙa ƙara da zafi fiye da kima, don an ƙera shi ne a kan bugun wuta 60 a daƙiƙa, tamu kuwa 50 ce.

Yanzu bari in zo kan kuskure na biyu da ya kwantar da ni, wanda har yau ina jin kunyarsa, don ni da ake ce wa masta bai kamata ya same ni ba.

Lokacin da na sayi wayata a Adum, yaron shagon ya ce, "Baba, kawo in shirya maka." Na miƙa masa ina ta hira da maigidansa. Ya buɗe mini adireshin Gmail, ya sa kalmar sirri da ransa ya so, ya miƙo mini waya tana aiki. Ban tambayi sunan adireshin ba balle kalmar. Shekara uku ina loda rayuwata a ciki: lambobin masu kawo gyara, hotunan lissafin bashi, saƙonnin murya na mai aiko mini da kayan gyara daga Accra, har ma'aunin wani ɗakin sanyi da na yi alkawarin haɗawa. A 2022 na sauka daga trotro, ƙaramar motar haya, da na hau a Kejetia, na shafa aljihu, wayam. Layin bai ba ni wahala ba, da Ghana Card ɗina, katin shaidar ɗan ƙasa, na je aka ba ni sabon sim mai lambata. Amma da na sa shi a sabuwar waya aka tambaye ni adireshi da kalmar sirri, sai na tsaya ina kallon allo kamar baƙauye. Na koma Adum, yaron ya bar aiki tuntuni, kuma ashe lambarsa ya sa a matsayin ta dawo da asusu.

Kaya 11 ne a shagona a ranar waɗanda ban da hanyar kiran masu su. Talabijin ɗin wata Hajiya daga Asawase ta yi wata bakwai a ƙarƙashin benci kafin ta turo jikanta, tana zaton na sayar. Bashi kuwa, masu tsoron Allah suka zo suka biya, sauran suka ga banza ta faɗi. Ban iya bin kowa ba, don ban tuna wa ke da nawa ba.

To, ku da kuke miƙa waya a shirya muku kuna danna goro, ku ji da kyau. Wannan adireshin shi ne makullin shagonka. Ka taɓa ba baƙo makullin shago ka ce ya riƙe maka, ba ka ma tambayi sunansa ba? Tsaya a kansa, ka zaɓi kalmar da kanka, ka tabbata lambarka aka sa, sannan ka rubuta a takarda. Masana suna cewa kada a rubuta kalmar sirri a takarda. Ni na rubuta, tana cikin jakar da nake ajiye takardun gida da na haihuwar yara, don ɓarawon trotro ba zai je can ba, mantuwa kuwa kullum tana tare da ni. Lambobin mutane ka riƙa adana su a asusun Google, kada ka bar su a cikin waya ko sim. Ka shiga WhatsApp ka kunna ajiya. Google na ba da gigabait 15 kyauta, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp a Android tana cin daga ciki, saboda haka cire bidiyo daga abin da ake ajiyewa, in ba haka ba bidiyoyin biki da na wa'azi da ake turowa a guruf su cinye wurin. Lissafin bashi kuma na mayar da shi littafi mai bango, kamar yadda maigidana ya koya mini tun ina yaron shago. Kowane kaya da ya shigo ina manna masa takarda da lambar mai shi a jiki.

Mai sayen waya ta hannu, kada ka ba da ko pesuwa sai mai ita ya cire asusunsa a gabanka, Google ne ko iCloud, ka sa naka ya shiga. In ya ce ya manta, ajiye masa kayansa. Danna *#06# ka kwafe lambar shaidar wayar da ta fito, ka haɗa ta da rasit.

MoMo kuma, wato asusun kuɗi na waya, Allah Ya shirye mu. Har yanzu akwai masu sa shekarar haihuwarsu a lambar sirri, da masu aiken yaro da waya su faɗa masa lambar da ƙarfi a tsakar gidan haya. In wani ya kira yana marairaicewa wai ya turo maka kuɗi bisa kuskure, kada ka dubi saƙon da ya shigo, ana ƙirƙirarsa. Kashe kiran ka danna *170# ka duba abin da ke asusunka da idonka. Lambobi shida da WhatsApp ke turowa ma haka, duk wanda ya nemi ka karanto masa su, ko da sunan ustazun makarantarku ya zo, asusunka yake so ya ƙwace ya riƙa roƙon kuɗi da sunanka.

Waya ta faɗa ruwa, sai a binne ta cikin shinkafa. Shinkafa ba ta shan ruwan da ke ƙarƙashin allo, a bar ta a dafa waakye, shinkafa da wake. Kashe wayar, kada ka sa ta caji, ka kai wa mai gyara ya buɗe ya busar tun tsatsa ba ta kama ba. Cajar bakin titi mara nauyi kamar kwalin ashana, araha ba ta ado. Kada a kwana da waya tana caji a ƙarƙashin matashi. Kwamfutar cinya ba a ɗora ta a kan katifa, ƙofofin iskarta a ƙasa suke, kuma bayan hunturu a sa a hure mata ƙura. Soket mai baki da yawa abin da fis ɗinsa ke ɗauka amfiya 13 ne, wato wajen wat 3000, butar lantarki kaɗai tana iya cin 2000, kai kuma ka ƙara mata dutsen guga. In ka taɓa filogi ka ji ɗumi, cire.

Janareta ne kawai ba na wasa da shi ko a baki. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana sa barci, daga barcin ba a tashi. Ba a ajiye shi a ɗaki, ko a lungun baranda, ko a ƙarƙashin taga don tsoron ɓarawo. A saya masa sarƙa da kwaɗo a ɗaure shi can a fili.

Angon nan na ranar Asabar Allah Ya rufa masa asiri, da na buɗe bayan firij ɗin na tarar ɗan abin tayar da motar ne kawai ya ƙone, kwamfaresa lafiya lau. Na sauya, sanyi ya sauko kafin azahar, har ya sa hannu a ciki yana murmushi. Na ɗauko gad daga kan kanta na ajiye a gabansa na faɗa masa kuɗin. Ya juya shi, ya sake juyawa, ya ce, "Masta, bari sai ƙarshen wata." Na jefa shi cikin firij ɗin na rufe murfin, na buɗe littafin bashi na ce ya ba ni lambarsa.