Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Maganin Kurajen Fuska da Tsirrai

Saura sati uku bikin ƙanwata kuraje suka feso mata a goshi da haɓa. Ba su wuce bakwai ko takwas ba, amma kun san amarya. Wata ƙawarta ta ce ta matse lemun tsami, ta daka tafarnuwa a ciki, ta shafa ta kwana da shi. Dare biyu ta yi hakan. A rana ta uku ta shiga kasuwa sayen kayan ɗaki cikin zafin watan Afrilu, ta dawo kumatunta na raɗaɗi, haɓar har ta ɗuri ruwa. Kurajen sun bushe kafin ɗaurin aure, amma baƙin shatin da ya biyo baya sai da ya kai ta wata takwas. Hoda ce ta rufa mata asiri ranar walima.

Kuskuren da ya fi yawa kenan: ɗaukar cewa duk abin da ya fito daga ƙasa ba ya cutarwa. Ruwan lemun tsami yana wajen 2 a ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami da ƙaramar lamba ke nuna tsami mai yawa, ita kuwa fatar fuska wajen 5 take, kuma kowace lamba ɗaya a ma'aunin nan ninki goma ce. Bayan tsamin, akwai wasu sinadarai a lemun, musamman a ɓawonsa, da idan suka haɗu da hasken rana a kan fata sai su ƙona ta. Tafarnuwa ɗanya ma tana tayar da ƙuna kamar an ɗiga ruwan zafi. Gyaran wannan ba shi da wani tsawo: a bar su a tukunya. Haka kanumfari da citta da man goge baki.

Abin da ya sa nake matsawa a kan ƙuna shi ne halin baƙar fata. Duk inda ta ji ciwo ko ta kumbura, sai ta tara ƙarin launi a wurin. Ƙurji kan yi sati ɗaya ko biyu ya tafi, tabonsa kuwa ya yi wata shida, wani lokaci shekara. Don haka maganin da ya busar da ƙurji cikin kwana biyu amma ya fusata fata, asara ya jawo miki ba riba ba. Mai matse ƙurji da farce ma tabon take shukawa da hannunta.

Sai batun dirza. Da yawa suna zaton datti ne ke kawo kuraje, sai a kama soso da sabulun salo a yi ta gurzar fuska sau huɗu a rana. Ba daga waje matsalar take ba. Ƙofar gashi ce ke toshewa da maiƙon da fata ke fitarwa da matattun ƙwayoyin fata, sai wata ƙwayar cuta da dama can take zaune a fatar kowa ta samu wurin hayayyafa, wurin ya kumbura. Shi ya sa suka fi damun masu tashen balaga, maza da mata, da kuma mata dab da al'ada, lokacin da sinadaran jiki ke ƙara maiƙo. Sabulun salo da toka ake yin sa, yana da kaifi. In za ki yi amfani da shi, ki yi kumfarsa a tafin hannu, ki shafa a hankali, ki ɗauraye nan take. Kada ki bar shi ya bushe a fuska. Wanki biyu a rana ya isa. Dilka kuwa ta jiki ce mai lafiya. Ranar da fuska ke da kuraje masu ruwa, a tsallake ta, ko da mai gyaran jikin ta ce ba komai.

Man kaɗe abin alfahari ne, ba abin da ya kai shi ga kaushi da faso lokacin hunturu. Amma fuskar da take naso tun kafin azahar ba ƙarin mai take nema ba. Man kwakwa ya fi shi toshe ƙofofin gashi. Ki duba kuma man kitso: in kurajen sun jeru a goshi daidai inda ɗankwali ko bakin hijabi ke zama, sau da yawa man gashi ne ke gangarowa da gumi. Rage man, wanke ɗankwali da rigar filo akai-akai, sai ki ga bambanci ba tare da kin sayi komai ba.

Cikin tsirran da ake tallatawa, wanda ya fi samun shaidar bincike shi ne man ti-tiri, da ake tatsa daga ganyen wata bishiya ta Ostireliya. A 1990 an gwada shi a can a kan mutum 124: aka ba wasu mai ɗauke da kashi 5 cikin 100 na man, wasu kuma maganin asibiti na benzoyil feroksaid mai ƙarfi iri ɗaya. Duka biyun sun rage kuraje. Na ti-tiri ya fi jinkiri, amma bai cika busar da fata da sa ta ƙaiƙayi ba. A lura, kashi 5 aka ce. Kwalbar da ake sayarwa a shago galibi tsantsarsa ce, mutane kuma sai su ɗiga a auduga su manna. Ɗigo biyar a ƙaramin cokalin shayi na ruwan alobera shi ne kusan wannan ma'aunin, a kan ƙurjin kawai. Ba a shan sa, guba ne a ciki, a ɗaga shi daga inda hannun yara ke kaiwa. In kwalbar ta daɗe a buɗe cikin zafi da haske, a zubar, don tsohonsa ya fi tayar da borin fata.

Alobera tana sanyaya fata, sai dai ruwan ɗorawar nan mai ɗaci da ke tsiyaya in an yanka ganyen yana sa ƙaiƙayi. A jingine ganyen a tsaye na minti goma sha biyar ya tsane, a wanke, sannan a kankaro farin cikin. Ruwan dafaffen ganyen darbejiya kuma ba a dafa na sati a ɗura a gora a ajiye a banɗaki. Bayan kwana biyu ya fara lalacewa, sai ki zama kina shafa wa buɗaɗɗen ƙurji ruɓaɓɓen ruwa. A dafa kaɗan, a wanke ganyen sosai tukuna. Kurkur da zuma ba su cika yin ɓarna ba, minti goma ya wadatar.

Akwai kuma gaggawa. Yau kurkur, jibi bagaruwa, gata man habbatus sauda, ko a haɗa su duka a kwano ɗaya. In fuska ta yi bore ba a san mai laifi ba, in ta yi kyau ba a san wa za a gode wa ba. Abu ɗaya za a ɗauka, a fara gwada shi a cikin dantse, a jira kwana biyu. In bai yi ja ko ƙaiƙayi ba, a kai fuska, a ba shi sati shida zuwa takwas. Ko maganin likita haka yake ɗauka.

Wanda ya fi ɗaga mini hankali shi ne “haɗin oganik” da ake sayarwa a ƴar roba ba jerin abin da ke ciki, ba lambar NAFDAC. Babu ganyen da ke goge tabo ya haska fuska cikin sati guda. In kin ga haka, ki zargi an zuba maganin sitiroyid irin su kulobetasol, ko sinadarin bilicin. Da farko fuska za ta yi luwai. Bayan wasu watanni fatar ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, ƙananan kuraje masu kama ɗaya su rufe kumatu, ranar da aka daina kuma abin ya dawo ninki. Wadda ta daɗe tana shafa irin wannan ta ɗauki robar ta kai wa likitan fata, shi zai tsara mata yadda za ta janye a hankali.

Shi kansa tabon, rana ce ke ƙara masa duhu, don haka man kariya daga rana da laima sun fi kowane haɗi amfani a kansa. In kuwa kurajen manya ne masu zurfi da ciwo, ko suna barin rami, ko sun zo tare da rikicewar al'ada da tsirowar gashi a haɓa, to ya wuce aikin ganye, asibiti za a nufa. Mai ciki ta faɗa wa likita tun a farkon magana, domin wasu magungunan kuraje suna cutar da ɗan tayi.