Inji ya ƙi ɗaukar zafi: kurakuran da aka fi yi wajen gano matsalar

Direbobi da yawa murna suke yi in allurar zafi ta kwanta ƙasa, wai alamar inji lafiyayye ke nan. Kuskuren farko ke nan. Yawancin injuna an ƙera su ne su yi aiki tsakanin digiri 85 zuwa 105 a ma'aunin Salsiyos. In zafin bai kai ba, ƙwaƙwalwar mota ɗauka take yi har yanzu ɗumama inji ake yi, sai ta ci gaba da ƙara fetur. Mota ta dinga shan mai, fulogi ya yi baƙi ƙirin, fetur ɗin da bai ƙone ba ya wanke jikin silinda, ya gangara ya tsinka baƙin mai.

Galibi tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke tare ruwa kar ya tafi lagireto sai inji ya yi zafi, shi ne mai laifin: ko ya maƙale a buɗe, ko wani ya cire shi tun da can don maganin zafi, ya bar ainihin cutar a lagireto ko famfon ruwa. Kar a yi saurin kwancewa. Ta da inji da sanyinsa, ka riƙa taɓa tiyon sama na lagireto, hannu nesa da fanka. In tamostat na da kyau, tiyon zai zauna da sanyi na 'yan mintuna, sannan ya yi zafi farat ɗaya. In tun daga farko yake ɗumi a hankali, ruwa na wucewa ke nan. Wata alamar: allura ta hau a cunkoso, ta faɗo da zarar an hau babban titi. Kwamfutar gwajin mota kan nuna lambar matsala P0128.

In ka ciro tamostat ɗin, ɗaga shi ka duba a haske. Da sanyi bai kamata a ga ko 'yar kafa ba. Lambar da ke jikinsa, kamar 82 ko 88, ita ce zafin da yake fara buɗewa. Sayi mai irin wannan lambar, ba ƙasa da ita ba. In yana da ɗan ramin fitar iska, ya kalli sama wajen ɗaurawa, a sa sabon gaskit, a fitar da iskar da ta shiga.

Wasu kuma allura kawai suke gaskatawa. Sensa mai auna zafin ruwa na lalacewa, kuma a tsofaffin motoci na allura daban, na ƙwaƙwalwa daban. Gwada da na'urar auna zafi a gidan tamostat kafin ka sayi komai. Duba fanka ma, in mai aiki da lantarki ce: in tana juyawa daga murɗa makulli alhali AC a kashe, wataƙila rile, wato makunnin da ke ba ta wuta, ya maƙale ko an haɗa ta kai tsaye.

Mafi haɗari shi ne ƙarancin ruwa. In sensa bai nutse cikin ruwa ba, allura na iya nuna sanyi inji kuwa yana tafasa. Duba ruwan bayan inji ya huce sarai. Murfin lagireto ba a buɗe shi da zafi.