Yadda Ake Koyon Kitson Zane Ba Tare da Kin Cinye wa Mutane Goshi Ba

Kusan duk yarinyar da ta zo koyon kitso ta riga ta iya kalaba, ko da ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata. Raba gashi gida uku a saƙa shi har jela ba wani aiki ba ne, don haka ba zan tsaya a kansa ba. Inda ake yin ta shi ne kitson da ke kwanciya a jikin fatar kai, wato zane da danginsa irin su shuku. A nan masu koyo ke rabuwa biyu. Akwai wadda kitsonta ke sakwarkwacewa kafin kwana uku, akwai kuma wadda ta lura da haka sai ta koma ja da ƙarfin tsiya, mai kai ta tashi tana neman farasitamol. Su biyun abu ɗaya ke damun su: hannunsu na yin nisa da fatar kai. Za mu zo wurin, amma bari mu bi abin daki-daki.

Kayan aiki

Ba su da yawa. Kibiya, mataji mai manyan haƙora, ƙaramin mataji mai jela, man kaɗe, ruwa a 'yar kwalbar feshi, da abin kama gashi guda huɗu ko biyar. In a Kano kike, zagaye ɗaya a kasuwar Sabon Gari ya ishe ki haɗa su duka. Kada ki bari a cika miki jaka da mayuka kala-kala tun ba ki fara ba. Karkar da chebe da ake kawowa daga wajen Chadi suna da masu son su, amma na gyaran gashi ne, ba su ke sa kitso ya miƙe ba. Shi kuma jel ɗin da ake lafta wa tsaga don ta yi ƙyalli a hoto, ni a wurina haramun ne ga mai koyo har sai ta iya tsaga da hannunta, saboda ɓoye kuskure yake yi.

Kan roba mai gashi da ake sayarwa don koyo yana da amfani a makon farko, in kuɗinki sun kai. In ba su kai ba, ki bar shi. Gashinsa santsi ne da shi, ba irin namu ba, kuma ba ya cewa wayyo. Wadda ta daɗe a kansa takan taso da hannu mai zafi ba ta sani ba.

Zaɓen kan da za ki koya a kai

Al'adar gida ita ce a kamo ƙaramar ƙanwa a danne ta tsakanin cinyoyi. Ban yarda da wannan ba. Yarinya 'yar shekara biyar kuka za ta yi ko kin ja ko ba ki ja ba, sai ki kasa gane wane kukan ne na gaskiya, ga fatar kanta ba ta yi ƙwari ba. Ki nemi babba, yayarki ko ƙawarki ko matar yayanki, wadda za ta iya ce miki "nan ya yi zafi, sassauta" ba tare da jin nauyinki ba. Gashin ya zama matsakaici, wanda bai ji rilaksa kwanan nan ba.

A tsefe, a wanke, a bar shi ya sha iska. Ki taje daga bakin gashi ki gangaro zuwa tushe, ba daga tushe ba. In lokacin hunturu ne ki ɗan fesa ruwa ki murza man kaɗe a tafin hannu ki shafa, don busasshen gashi karyewa yake. Ki duba kan da kyau kafin ki sa kibiya. In kin ga makero ko ƙwarƙwata, ki faɗa wa mai kai a asirce cikin mutunci, ki dakatar da kitson. Makero ta mataji yake yaɗuwa, kuma na fatar kai ba ya jin man shafawa kaɗai, sai an je asibiti an sha magani.

Ke ki hau kujera 'yar tsuguno, ita ta zauna a tabarma, wurin da haske ke sauka a kan, ba a idonki ba.

Tsaga

Ki raba kan gaba ɗaya kafin ki kama ko layi ɗaya. Na san manyan makitsa ba sa yin haka, suna tsagawa suna kitsawa, amma su idonsu ya riga ya auna kan tun mai shi na cire ɗankwali. Ke ba ki kai nan ba.

Fara da tsagar tsakiya. Ki daidaita ta da karan hanci, ki ja har ƙeya. Kibiya a kwance ake jan ta, ja ɗaya, ba a tsaye ana caccakar fata ba. In ta karkace ki taje ki sake, kada ki yi ta tsintar silin gashi ɗaya-ɗaya kina gyara. Daga nan kowane ɓangare ki raba shi huɗu, ya zama layi takwas ke nan. Takwas ya ishi mai koyo. Ƙananan kitso na nan zuwa.

Abin da masu koyo ke mantawa shi ne kai ba faɗinsa ɗaya ba. Yana buɗewa a tsakiya, ya tsuke a ƙeya. In kika ja layukanki da faɗi ɗaya daga goshi har baya, kafin ki zo na kusa da kunne wuri ya ƙare, sai ki ga wani ɗan gashi ya rage a bayan kunne ba shi da gida. Saboda haka kowane layi ya ɗan buɗe a tsakiyar kai, ya rage faɗi yayin da yake gangarawa. Ki ƙirga su a ƙeya: in takwas ne a goshi, takwas za ki gani a baya. Ki tufke kowanne ki kama shi, ki bar wanda za ki fara da shi kawai, na saman kunne.

Kamun farko da ɗiban gashi

To, nan ne aikin yake, kuma nan zan daɗe.

A bakin layin ki ɗebi ɗan gashi kaɗan, ki raba shi uku daidai. Ki saƙa sau biyu ba tare da kin ƙara komai ba: na dama ya bi ta ƙarƙashin na tsakiya, na hagu ma ya bi ta ƙarƙashi. Bi ta ƙarƙashi shi ke sa kitso ya taso ya zauna a sama a gan shi. In ta sama kike bi, kitson nutsewa zai yi ciki, wanda shi ma kitso ne mai kyau, amma ki zaɓi hannu ɗaya ki tsaya a kansa. Masu koyo kan fara da ƙasa, su kai tsakiyar kai hankali ya tafi wurin hira, su koma sama, layi ya fito rabi a tashe rabi a nutse.

Daga saƙa ta uku ake fara ɗiba. Duk lokacin da wani sili zai shiga tsakiya, manuniyarki ta zura ta ƙarƙashi ta kwaso gashi kaɗan daga cikin layin ta haɗa da shi. Gashin da za ki kwaso shi ne wanda ke daidai ƙarƙashin yatsunki, ba wanda ke can gaba ba. Mai koyo tana son ta ga layi ya ƙare da wuri, sai ta miƙa yatsa gaba ta kwaso da yawa. Sakamakon haka kitson ya yi tsalle ya bar rami a ƙarƙashinsa, har za ki iya zura kibiya ta wuce.

Sannan bayan yatsunki ya riƙa gogar fatar kai a kowace saƙa. Wannan ita ce maganar gaba ɗaya. Da zarar kin ɗaga hannu sama don ki ga abin da kike yi, kitson ya bar fata, ya yi sako-sako. Sai ki ce a ranki ai ban ja ba ne, ki ƙara ƙarfi. Ja kuwa ba ya mayar da kitson da aka saƙa a iska ya kwanta, tushen gashi kawai yake tsinka. Kitso na kama kai ne saboda ɗiba ƙanana ce kuma hannu na ƙasa. Ki lura da tsofaffin makitsa da ake cewa hannunsu da sanyi, har mai kai ta yi barci a cinyarsu, amma kitson ya yi sati biyu bai tashi ba. Ki kalli yatsunsu kawai, ba sa rabuwa da kai.

In ba kya gani sai kin ɗaga hannu, zamanki ne ba daidai ba. Ki juya kan mai kitso, ki sunkuyar da shi ko ki kwantar da shi a cinyarki, yadda layin zai riƙa tahowa wajenki. Kai ake juyawa, ba hannu ba.

Bayan kowace saƙa biyu ki zare yatsunki har ƙarshen gashin ki warware shi. In ba haka ba, kina kitsa sama ƙasa na kitsa kansa, ki zo tsakiya ki tarar da ƙulli, ki fizga, gashi ya karye. In kuma kika ji sili ɗaya ya sirance, ki ƙara masa a ɗiba ta gaba, kada ki jira sai ya ƙare a hannunki.

Layi ɗaya ki yi ta maimaitawa. Ki kitsa, ki tsefe, ki sake. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, hannun da ya saba da ja kuwa da wuya ya daina.

Goshi

Gashin goshi da na gefen kunne shi ne mafi rauni a kai, kuma shi ne ake fi zalunta. Ƙananan gashin nan masu laushi da ke bakin goshi ki bar su, ba dole sai sun shiga kitso ba. Wata za ta ce miki, "Don Allah ki kama min har na gaban nan, ki ja sosai ya daɗe." Ki ce mata, "Hajiya, zai daɗe in sha Allahu, amma wannan na gaban in na kama shi, ba zai dawo ba." Ba tsoratarwa ba ce. Likitocin fata sun san irin wannan zubewar gashi da ja ke haddasawa. Da farko in an sassauta yakan fito, amma in aka shekara da shekaru ana yi, tushen ya mutu, babu man da zai tsiro da shi. Matan da kike gani suna jawo ɗankwali har gira, da yawansu abin da ya faru ke nan.

Alamun kin ja ba ɓoyayyu ba ne. Fata ta tattaro ta yi tudu a gefen layi, gira ta ɗaga, ƙananan ƙuraje su feso a bakin goshi ko ƙeya washegari, ko mai kai ta ce ta kasa kai goshinta ƙasa a sujada. In kin ga fata ta tashi, tsefe layin nan take. Kada ki ce zai saki bayan kwana biyu.

Akwai ma maganar wanka. A hadisin Ummu Salama da ke cikin Sahihu Muslim, an sauƙaƙa wa mace ba sai ta tsefe kitsonta ba don wankan janaba, ta kwarara ruwa sau uku ya wadatar. Amma malamanmu na Malikiyya sun yi bayani cewa in kitso ya matse har ruwa ba ya ratsa shi, to sai an warware. Mai ja da ƙarfi tana ɗora wa matar aure wani aiki ke nan. Batun ƙarin gashi kuwa, an san hanin da ya zo a kansa a Bukhari da Muslim, shi ya sa mata da yawa a nan ba sa sawa, wasu kuma suna tambayar malamai game da ulu da zare. Ke dai ki fara iya kitsa gashin da Allah ya ba mutum.

Ƙarasawa

In kin kai ƙeya, gashin layi ya ƙare, ki ci gaba da saƙa kamar kalaba har jela. Saƙa biyun farko bayan barin fata ki sassauta, don nan ne ke hana mutum sunkuyawa. Jela ki murza ta da ɗan mai tsakanin yatsu, gashinmu yana riƙe kansa, ba ya buƙatar roba. Ki yi layi ɗaya a dama, ɗaya a hagu, ki haɗe a tsakiya, ta haka girmansu zai zo ɗaya ko da hannunki ya gaji. A bi tsaga da mai kaɗan. A kwana da hula ko ɗankwali mai santsi.

Zane shi ya fi dacewa da zirga-zirgar yau da kullum, saboda yana kwanciya lumui a ƙarƙashin hula da hijabi, ko mayafin abaya. Mai son ɗaurin ɗankwalinta ya tashi a kan atamfa ita ke neman shuku, kuma shuku zane ne da aka juya layukansa suka haɗu a tsakiyar kai, sai dai na ƙeya daga ƙasa ake faro su, mai kai na duƙe. Ki bar shi sai layi takwas ɗinki sun fito iri ɗaya a kawuna daban-daban.

Sati biyu ya isa a tsefe. Gashin da za a gani a mataji ranar tsifa kada ya tayar da hankali, mutum na zubar da sili 50 zuwa 100 a kullum, kitso ne ya riƙe su. Wanda za ki damu da shi shi ne in goshi ya ja baya.

Kuɗi kuma, kada ki fara karɓa a makon Sallah. Na san lokacin ne makitsa ke cika har dare, kowa na neman wadda za ta kama mata kai, kuma za a zo miki ko ba ki ƙware ba. Amma cikin wannan rububin ne sabon hannu ke komawa ja don ya yi sauri. Ki fara da 'yan unguwa a ranakun da ba kowa, su kawo mansu, ki karɓi abin da suka ba ki, kuma ki wanke mataji da kibiya da ruwan zafi da sabulu bayan kowane kai.